Wa Ya Ba Tela Faswad?

Mu a layinmu, idan fim ya tsaya kowa injiniya ne. Wanda ko rediyo bai taɓa kwancewa ba zai gyara zama ya ce maka ai netwok ne. Wata ta leƙa sama ta ce hadari ne ke haɗowa. Wani ya rantse kamfani ne ya shanye data, alhali abin da ake kallon ko ƙwayar data ba ya ci, don daga ɗakin kusa da rijiya yake fitowa, daga cikin wata tsohuwar laftof da aka ɗora kan bulo biyu don ta sha iska. Ita ce sabar gidanmu. A cikinta aka zuba duk abin da gidan ke kallo: tafsirin azumi, bidiyon bukukuwan da aka yi tun kafin wasu amaren su zama uwayen gida, katun na yara, darussan jarrabawa, da finafinai iya ganinka. Kana kwance a ɗakinka ka haɗa wayarka da waifan gida, ka zaɓi abin da ranka ke so. Haka abin yake idan tana cikin hayyacinta. Daga bayan isha'i zuwa sha ɗayan dare kuwa, sai addu'a.

Asalin abin ba gayu ba ne, lissafi ne. A da, duk ranar da sabon kashi na Labarina ko Izzar So ya fito, gida ɗaya sai a sauke shi sau goma, kowa da datarsa. Masu tattali su aiki yaro da memori wajen masu turi a bakin titi, ko a jeru a tsakar gida ana tura wa juna ta Xender ana rigimar wa zai fara karɓa. Da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, sai ɗan mai gidanmu, wanda muke ce wa Injiniya tun bai gama aji ɗaya a karatun kwamfuta ba, ya kawo shawara: a yi karo-karo a sayi data mai yawa a layi ɗaya, a sauke abu sau ɗaya, kowa ya ɗiba. Aka ce Allah ya yi albarka. Ya je titin Beirut ya haɗo faifan ajiya da rauta ta hannu, ya karkaɗe laftof ɗin yayansa wadda allonta ya tsage, shi ke nan gida ya yi saba.

Maganar haƙƙin masu fim kuwa, idan aka taɓo ta babu wanda zai tashi da alwalarsa a gidan nan. Masu ɗora shirinsu a YouTube da yawan kallo suke samun na cefane, mu kuwa mutum arba'in mu kalla a lissafa musu ɗaya. Malamin da ke ɗakin ƙofa ya faɗi haka wata rana bayan magariba, kowa ya ce gaskiya ne, Allah ya yafe mana, aka kuma tambayi Injiniya ko kashi na gaba ya sauka.

Rikicin farko ya zo tun ana kan Windows, lokacin folda ɗaya kawai ya buɗe ya raba wa gida. Windows ɗin da ake sa wa kwamfutar gida yana da ƙa'ida a rubuce cikin lasisinsa: na'urori 20 ne za su shiga irin wannan rabon a lokaci guda, ta ashirin da ɗaya sai ta jira wani ya fita. Hajiya ta ɗakin sama, wadda sai ta gama lazimi da shafa'i da wutiri take ɗaukar waya, kullum ita ce ta ashirin da ɗaya. Ta yanke hukunci cewa da gangan yaron ya toshe ta, saboda 'yar tsamar da ke tsakaninta da mahaifiyarsa kan igiyar shanya. Ta sa aka kira shi.

"Ɗan nan, ni na goya ka a bayan nan, yau ni za ka rufe wa ƙofa?"

Yana durƙushe ya ce, "Wallahi Hajiya ba ni ba ne, na'urar ce ke ƙirga ashirin."

Ta ce, "To ta fara ƙirgawa daga kaina."

Wannan ya sa ya goge Windows ya sa Linux, ya ɗora Jellyfin, manhajar kyauta da wasu masu sa kai suka ɓalle da ita daga Emby a ƙarshen 2018. Ita ba ta ƙirga ashirin. Tana jera finafinai da hotunansu, tana tuna inda ka tsaya jiya, kowane ɗaki da sunan shigarsa. Muka yi murna, ashe ba a rabu da Bukar ba, an haifi Habu. Da babu mai ƙirga mu a bakin ƙofa sai muka afka gaba ɗaya. A da mutum ɗaya ko biyu ke rasa shiga. Yanzu idan ta cika kowa ne ke rasawa, har da waɗanda suka riga shiga.

Da rana lafiya lau take, yara na kallon katun, wata amarya na maimaita bidiyon kamunta, babu ko tuntuɓe. Ana sallame isha'i, maza sun dawo daga kasuwa, mata sun sauke tukunya, sai ka ga hoto ya daskare, bakin jarumi a buɗe, 'yar da'irar nan ta hau juyi a tsakiyar fuskarsa. Jim kaɗan manhajar ta ce ba ta ga saba ba sam. Ka je ɗakin ka leƙa: fitila na ci, fanka na huci, komai a kunne. Kiranta ake yi ba ta amsawa.

A nan ne halinmu ke fitowa. Mu ba mu iya jira ba, kuma ba mu yarda abu ya ƙi mu ba. Da'ira na fara juyi sai mu danna. Mu fita mu sake shiga. Mu kashe waifai mu kunna. Mu ja fim baya, mu ja shi gaba, ko zai ji kunya. Maigida ya karɓi wayar uwargida ya buɗe a can wai don a gwada, ya bar tasa a buɗe tana nema. A tura yaro ya kunna talabijin ya gani ko can yana yi. Kafin minti biyu, ɗakin da ke da mai kallo ɗaya ya koma na'ura huɗu, kowacce na neman abu ɗaya. Ka ninka wannan da ɗakunan gidan. Sannan a leƙo ta taga a ɗaga murya: "Injiniya! Abin nan naka ya sake sumewa!" Idan yana aiki namu ne, idan ya tsaya nasa ne.

Da misalin mai shayin bakin layi Injiniya ya yi mana bayani, don ya san a nan za mu gane. Shayi na nan cike da tukunya, wuta na ci, amma kofuna ƙidayayyu ne, kuma kofi ba ya zuwa hannun wani sai mai shi ya dawo da shi. Mu kuwa sai mu karɓi kofi, mu ga an yi jinkirin zuba mana, mu ajiye shi a bayan benci mu sake miƙa hannu. Kowace mahaɗa da waya ta buɗe tana da gurbi a wani jadawali cikin ƙwaƙwalwar na'ura, kuma gurbin ba ya sakin kansa nan take. Idan waya ta yi sallama yadda ya kamata, a share shi cikin minti ɗaya ko biyu. Idan kuwa batir ya mutu, ko mai ita ya fice da ita ba sallama, Linux na iya riƙe gurbin har kwana biyar, daƙiƙa 432,000, in ba a rage masa wa'adin ba.

Maganinmu ɗaya ne, mun gaje shi tun zamanin talabijin mai ƙusumbi da ake mari a gefe: a kashe a kunna. Duk wanda ya fi kusa ya zare soket ɗin rauta, mai zafin rai ya haɗa da laftof, ya danne maɓalli har ta yi shiru. Abin haushi kuma sai ya yi aiki. Jadawali ya goge, kowa ya faɗo waje, masu fushi sun kwanta, sai a samu rabin awa ana kallo, wanda ya zare soket yana yawo a tsakar gida ana yi masa kirari. Ɓarnar a baya take. Ƙaramar rauta a ƙwaƙwalwar wucin gadi take rubuta abin da ya same ta, ana yanke wuta rubutun ya tafi, don haka duk sanda yaron ya zo bincike sai ya tarar an share sawu. Faifan ajiya ba ya son a yanke masa wuta yana tsakar rubutu. Haka muka rasa rabin bidiyon wani suna, har yau mai jegon ba ta daina zancen ba. Ga kuma rikicin adireshi. Rauta ce ke raba wa kowace na'ura lambar zama, irin 192.168.0.105, kuma idan ta farfaɗo tana iya ba saba wata lambar daban, wayoyin gida su yi ta nemanta a lambar da ta bari.

Ranar da aka gano bakin zaren, Injiniya ya kafa sharaɗi tun da yamma: yau ko sama da ƙasa za su haɗe, kada wanda ya taɓa soket. Ya sa ƙaninsa gadin rauta da tsumagiya a hannu. Tara da 'yan mintoci ta suma kamar kullum. Ya zauna a kan tabarma, laftof a cinya, mu muna tsaye a kansa muna ba da shawara.

Ita kanta ya fara tambaya. Ya buɗe burauza a kan laftof ɗin, ya kira Jellyfin ta ƙofarta, lamba 8096, ba tare da ya bi ta rauta ba. Nan take shafin ya buɗe. Ke nan manhajar na raye. Ya ƙirga abubuwan da ta buɗe, don bisa al'ada Linux abu 1024 yake yarje wa kowace manhaja a lokaci guda, fayil ne ko mahaɗa, sai in an ɗaga mata. Ya ga ba ta kai ko kusa ba. Sai ya karɓi wata waya ya riƙa aika wa saba ɗan saƙon gwaji, irin wanda ake aikawa a ga ko za a amsa da kuma lokacin da amsar za ta ɗauka. Da rana kafin ƙiftawar ido ta dawo. A daren nan sai ta yi daƙiƙa biyu, uku, mafi yawa ma ba su dawo ba. Ya ɗago ya ce, "Ba ita ba ce. Hanya ce." Wanda ya ce netwok ne tun farko ya ce, "Ai na faɗa muku."

Ya koma kan rauta. Kafin shafin saitinta ya buɗe, Malam ya zagaye carbinsa. Da jerin na'urorin da ke haɗe ya fito, tsakar gida ta yi tsit. Mun san kanmu: da wayoyi da talabijin da komai ba mu kai talatin ba. Jerin ya doshi sittin. Tecno, itel, Infinix, Redmi, har da wata Samsung da babu mai irinta a gidan. Yana karanta sunayen da masu su suka raɗa musu, muna gane su ɗaya bayan ɗaya. Ga ta mai kanti. Ga na yaran gidan baya su uku. Ga ta mai cajin waya, wanda ashe yana haɗa wa kwastomominsa a matsayin gyara. Ga ta telan tsallaken layi, wanda muka daɗe muna mamakin yadda yake ɗinki har sha biyun dare yana dariya shi kaɗai.

Da tsinke ya yi mana lissafin a ƙasa. A kwalin rauta an rubuta 300, wato megabit 300 a daƙiƙa. Lambar ɗakin gwaji ce. A gida mai bango da langa-langa in ka samu rabinta ka gode Allah. Yawancin wayoyinmu masu eriya ɗaya ne, a zangon 2.4 da irin wannan rautar ke aiki da shi galibi ba sa wuce 72 ko da an jingina su da ita. Fim mai kyan hoto yana cin megabit biyar zuwa takwas. Mutum ashirin a biyar-biyar, ɗari ke nan. Sannan waifai irin wannan da na'ura ɗaya yake magana a lokaci guda, bi da bi, da saurin da ido ba ya gani. Wayar da ke kusa ta karɓi rabonta ta ba da wuri. Wadda ke bayan bango biyu da tsallaken layi sai an rage mata gudu, daga 72 har ya iya faɗowa 7, a kuma maimaita abin da ya ɓace a hanya, sauran duk suna jira. Ke nan tela shi kaɗai, daga kan kekensa, yana iya cin lokacin mutum goma na cikin gida. Ƙari a kan haka, ita kanta sabar ta waifai take haɗe da rauta, don an hana ratsa kebul ta ƙofar Hajiya. Kowane hoto sai ya bi iska sau biyu, daga saba zuwa rauta, daga rauta zuwa waya. Rabin hanya ya tafi tun kafin a fara.

Jadawalin mahaɗa na rautar kuwa cike yake taf, kuma mafi yawan guraben ba na masu kallo ba ne. Ɗan bautar ƙasa da ke ɗakin lungu ya roƙi a sa masa manhajar torent a kan saba don sauke finafinan Koriya, ya kuma bar ta tana aiki dare da rana. Irin wannan manhaja ba daga wuri ɗaya take ɗebo fim ba, guntu-guntu take tarawa daga ɗaruruwan kwamfutoci a faɗin duniya, tana kuma ba wasu. Wadda aka sa mana, qBittorrent, da izinin buɗe mahaɗa 500 take fitowa, ban da tarin gajerun saƙonnin neman abokan rabo da take watsawa, kowanne da gurbinsa. Babbar kwamfuta ko a jikinta. 'Yar rauta mai ƙaramar ƙwaƙwalwa kuwa gurabenta 'yan dubbai ne, suna cika ta fara zubar da duk sabon saƙo, ba ta tambayar na wane ne. Ɗan bautar ƙasa ya ce shi bai ma san tana kunne ba. Datar karo-karo da ke ƙarewa kafin rabin wata, wadda muka yi ta tsine wa kamfani a kanta, nan aka ga inda take zuwa.

Saura ɗaya, ita kuma a cikin laftof ɗin take. Don tsimin data, Injiniya yakan zaɓi finafinan da aka matse da tsarin H.265, mai ba da hoto mai kyau a kusan rabin nauyin tsohon tsarin H.264. Sababbin wayoyi suna karanta shi kai tsaye. Tsofaffi da wasu talabijin ba sa iyawa, sai Jellyfin ta ɗauki nauyin juya musu fim ɗin zuwa tsarin da suke ganewa, ana juyawa ana kallo. Aiki ne mai cin furosesa, tsohuwar laftof irin tamu mutum ɗaya ko biyu za ta yi wa haka ta fara haki. Kuma duk wanda ya ja fim gaba da nisa, sai a bar inda ake a faro juyi daga sabon wuri. To mu gida ne na masu kallon Indiya, rabinmu masu tsallake waƙa, rabinmu masu maimaita ta. Ka haɗa da zafin Afrilu na Kano da ke haura digiri 40. Furosesa idan ta doshi digiri 100 rage gudun kanta take yi don kada ta ƙone, a daidai lokacin da aka fi buƙatarta. Washegari da ya kwance bayan laftof ɗin, wani curin ƙurar hunturu ya ciro daga fanka, da gashi da zaren atamfa a jikinsa.

Gyaran na'ura bai ci masa wuni ba. Hajiya ta ba da izinin kebul ya bi ta saman ƙofarta, da sharaɗin a fenta shi kalar bango. Ya ɗaure wa saba adireshi ɗaya. Ya rage wa torent mahaɗa zuwa hamsin, ya hana ta gudu sai bayan sha biyun dare. Ya bar laftof tana juya finafinai zuwa H.264 cikin sanyin dare, don da yamma miƙawa kawai za ta yi. Ya ƙayyade wa kowane ɗaki na'ura biyu a lokaci guda. Abin da ya rage shi ne canza faswad, aikin da bai kai minti ɗaya ba, kuma a nan aka kwana.

Mai gida ya tara mu bayan la'asar ranar Juma'a, ya ce shi ba faɗa zai yi ba, tambaya ɗaya ce: wa ya ba tela faswad? Babu wanda ya ba shi. Babu wanda ya ba mai kanti, babu wanda ya ba mai caji. Faswad ɗin da ƙafarsa ya fita. Da aka matsa sai bayani ya fara fitowa a kaikaice. Wata ta ce ita dai ta san ranar jajibirin sallah tela ya ajiye ɗinkin mutane ya gama na 'ya'yanta, to in mutum ya yi miki haka ya ce, "Anti, ɗan sa min abin nan naku mana," da wane baki za ki ce a'a? Wani ya ce mai kanti na ba shi bashi har ƙarshen wata, bai taɓa buɗe littafi a gaban mutane ba. Wata ta ce yaran gidan baya marayu ne. Samari kuwa suka rantse ba su faɗa wa kowa ba, kuma da gaskiyarsu: tun Android 10 da ya fito a 2019, waya na iya nuna faswad ɗin waifai a matsayin 'yar alamar nan mai murabba'i, abokinka ya haska kyamara a kai ya shige, bakinka bai furta komai ba.

Ni a ganina nan ne ainihin cutar sabar, kuma ba cuta ce da zan so mu warke daga ita gaba ɗaya ba. Rauta irin tamu gidan mutum huɗu ko biyar aka ƙera wa. Mu kuwa tashi muka yi muka ga ana aiken yaro maƙwabta ɗebo wuta, ana miƙa tuwo ta katanga, ana jan waya daga janaretan wani a kunna ƙwai ɗaya. Kara ba ta barin mu mu dubi idon mutum mu ce masa an cika. Kuma wanda ya ba da faswad yana jin bai rage wa kowa komai ba, don babu abin da ya fita daga hannunsa. Kyautar tasa ce, godiyar tasa ce, da'irar da ke juyi kuwa a fuskar kowa take.

An gwada ƙarfi. Injiniya ya toshe baƙin wayoyi da lambar jikinsu, ashe wayoyin yanzu suna iya nuna wa rauta wata lambar daban, kuma yaran gidan baya sun san inda ake dannawa. Aka koma canza faswad kowace Juma'a; a canza bayan masallaci, kafin magariba jeri ya kumbura. Mai gida ya ce a ɗauko Alƙur'ani a rantsar da kowa, Malam ya ce ba a wasa da rantsuwa kan kallon fim. Shi ne kuma ya kawo mafita. Ya ce, "Alhaji, tunda ba za ku iya hanawa ba, ku ware musu nasu." Aka sake karo-karo aka sayi rauta mai zango biyu. Waɗanda wayarsu ke iyawa suka koma zangon 5, wanda ya fi faɗi amma ba ya ratsa bango da nisa, ko an ba ka faswad in kana tsallaken layi da ƙyar za ka ga sunansa. Tsohuwar rautar kuma aka ja mata kebul aka kafa ta a zaure, aka ƙayyade mata na'ura goma da gudu daidai gwargwado, aka bar wa maƙwabta.

Yanzu saba takan yi tuntuɓe ranar da sabon kashi ya fito, amma ba ta suma. Mu dai ba mu canza ba, da'ira na juyi muna dannawa. Soket ne aka yi wa akwatin katako da kwaɗo, makulli na aljihun Injiniya.

Shekaranjiya da hantsi sai ga tela ya yi sallama, igiyar awo a wuya. Ya durƙusa ya gaida mai gida, aka taɓa zancen tsadar yadi da zare. Da zai tashi ya ce, "Alhaji, dama cewa na yi bari in sanar da ku, kada a ce na gani na yi shiru. Waifan nan namu na zaure kwana biyu ba ya ja sosai, musamman wajen ƙarfe goma. Yaran shago suna ta ƙorafi."

Mai gida ya ce, "Subhanallahi! Ka yi haƙuri, wallahi ba mu sani ba." Ya juya cikin gida ya ƙwala kira: "Kai Injiniya! Zo ka ƙara wa mutane."